Linux: Tarihin Babbar Manhajar da Ba a Ɓoye Sirrinta ba

  Wadda ke tsakar gida tana tankaɗe, da wadda ke kan keken ɗinki, a ɗan matso da rediyo kusa, domin yau tarihi za mu sha.

Abin da ya jawo hirar tamu, wata 'yar uwa ce ta aiko da tambaya. Ta ce akwai wata tsohuwar kwamfuta a ɗakinta, irin ta ɗorawa a cinya, wadda babban ɗanta ya bar mata bayan ya gama makaranta. A ciki take rubuta lissafin adashi da na atamfofin da take sayarwa daga gida, yara kuma suna aikin makaranta da ita. To sai kwamfutar ta fara nauyi, in an kunna ta sai a ɗora ruwan shayi ya tafasa ba ta gama buɗewa ba. Ta ba yaro ya kai wa mai gyara, ya dawo da saƙon cewa ko dai a sayi sabuwa, ko kuma a sa mata wata aba wai ita Linux. Shi ne take tambaya: mece ce wannan Linux, daga ina ta fito, kuma in an sa ta, lissafina ba zai salwanta ba?

Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta tana cikin tarihin abar. Amma bari mu fara da gane mece ce babbar manhaja.

Kwamfuta dai ƙarfe ne da roba da wayoyi. Abin da ke sa ta aiki shi ne umarnin da mutane suka rubuta mata, wanda ake kira manhaja. Akwai manhajar rubutu, akwai ta lissafi, akwai ta kallon hoto. To a ƙarƙashinsu duka akwai guda ɗaya da ke riƙe da gidan, kamar dai uwargida a babban gida: ita ta san inda aka ajiye komai, ita ke raba aiki, ita ke hana wannan ya shiga hurumin wancan. Ita ce babbar manhaja. Wadda aka fi sani a wajenmu ita ce Windows ta kamfanin Microsoft. Linux, wadda ake furtawa Linuks, ita ma babbar manhaja ce. Bambancinsu yana wajen sirri. Kun san yadda mai haɗa turaren wuta ko humra za ta sayar maki da kwalba amma ba za ta faɗa maki abin da ta zuba a ciki ba? Haka Windows take: ana ba ka ka yi amfani, asalin rubutun kuwa yana kulle a kamfani. Ita Linux a buɗe rubutunta yake, kowa na iya karantawa, ya gyara, ya kwafa ya ba maƙwabci, ba tare da ya karya doka ba.

Labarin ya faro ne a Amurka. A shekarar 1969 wasu masana biyu, Ken Thompson da Dennis Ritchie, da ke aiki a ɗakin bincike na Bell, mallakar kamfanin tarho na AT&T, suka fara gina wata babbar manhaja da aka sa wa suna Unix. Tsarinta ya yi kyau ƙwarai, jami'o'i suka karɓe ta, ɗalibai suna karanta rubutunta suna koyo. Da tafiya ta yi nisa aka gane akwai kuɗi a harkar, sai kamfanoni suka fara kulle rubutun manhajojinsu, suna sa ma'aikata su sa hannu a takarda cewa ba za su nuna wa kowa ba.

A wajajen 1980 wani abu ya faru a jami'ar MIT da ke Amurka, wanda a ido ƙarami ne. Akwai wani matashin masani mai suna Richard Stallman. A wurin aikinsu suna da na'urar buga takarda da ke yawan cije takarda ta tsaya. Tsohuwar da suke da ita, sun gyara manhajarta da kansu yadda in ta cije za ta aika wa mutane saƙo su zo su cire. Da aka kawo sabuwa, sai ta zo babu asalin rubutun. Stallman ya je wurin wani da yake da rubutun ya roƙa, mutumin ya ce ya yi alkawarin ba zai bayar ba. Abin ya tsaya masa a rai. Ga na'ura a gabansa, ya san gyaran, amma an hana shi taɓawa.

A watan Satumba na 1983 ya shelanta cewa zai gina babbar manhaja mai kama da Unix wadda ba za a taɓa kullewa ba, ya sa wa aikin suna GNU. A 1985 ya kafa gidauniya don wannan aiki, a 1989 kuma ya fitar da wata takardar izini da ake kira GPL. Sharaɗin takardar nan shi ne ginshiƙin komai, don haka a saurara da kyau. Ta ce: ka ɗauka ka yi amfani, ka karanta, ka gyara, ka raba, har ka sayar in ka so. Amma duk wanda ka ba, dole ka ba shi har da asalin rubutun, da irin izinin da kai ma aka ba ka. Wato kamar a koya maki haɗin yaji kyauta, da sharaɗin in kin ƙara masa wani abu kika ba wata, sai kin faɗa mata abin da kika ƙara.

Stallman da abokan aikinsa sun yi shekaru suna ƙera kayan aiki ɗaya bayan ɗaya. Zuwa 1991 kusan komai ya haɗu, sai abu guda da bai kammala ba, wato zuciyar manhajar, ɓangaren da ke magana kai tsaye da ƙarfen kwamfuta.

A nan labari ya tsallaka zuwa ƙasar Finlan, can arewacin Turai inda sanyi ke da tsanani. Wani ɗalibin jami'ar Helsinki mai suna Linus Torvalds, ɗan shekara 21, ya sayi kwamfuta a farkon 1991, yana biyan kuɗinta kaɗan-kaɗan. Yana amfani da wata ƙaramar manhajar koyarwa mai suna Minix, wadda wani malamin jami'a a ƙasar Holan, Andrew Tanenbaum, ya rubuta, amma ba ta yi masa duk abin da yake so ba. Sai ya zauna a ɗakinsa, a gidan mahaifiyarsa, ya shiga rubuta tasa zuciyar manhajar. Ranar 25 ga Agusta 1991 ya aika saƙo ta intanet yana sanar da masu sha'awa, ya ma ce abin sha'awa ne kawai yake yi, ba wani babban aiki ba ne. A watan Satumba ya saki rubutun farko, layi wajen dubu goma. Shi sunan da ya so sa mata daban ne, Freax. Wanda ke kula da ma'ajiyar da aka ɗora rubutun, Ari Lemmke, shi ya rubuta Linux, sunan kuma ya bi ta.

A 1992 Linus ya sa aikinsa a ƙarƙashin waccan takarda ta GPL. Daga nan ne abin ya bunƙasa. Mutum yana Jamus zai ga kuskure ya aiko da gyara, wani yana Ostareliya zai rubuta abin da zai sa wata na'ura ta yi aiki, galibinsu ba su taɓa ganin fuskar juna ba, da yawa kuma daga ɗakunansu suke yi bayan sun tashi aiki. Aka haɗa zuciyar da Linus ya rubuta da kayan aikin GNU, sai ga cikakkiyar babbar manhaja. Shi ya sa wasu ke kiranta GNU/Linux. A watan Maris 1994 aka fitar da fitowa ta 1.0.

To amma kada ku ɗauka a lokacin sa Linux a kwamfuta abu ne mai sauƙi. Wahala ce tuburan. Zuciya na nan, kayan aiki na can, sai mutum ya bi ya tsinto ya harhaɗa da kansa, kamar a ce kina son tuwo a miƙo maki damin dawa. Don haka wasu suka ɗauki nauyin harhaɗawa su miƙa wa jama'a a dunƙule, kowa da irin haɗinsa. A watan Yuli 1993 Patrick Volkerding ya fitar da haɗin Slackware, a kan ƙananan faya-fayai 24 na wancan zamani, waɗanda kowane ɗaya bai isa ya ɗauki hoto guda mai kyau na wayar yau ba. Sai ka sa na farko, ka jira, ka cire, ka sa na biyu, in na ashirin ya lalace aiki ya tsaya. A watan Agusta na shekarar, Ian Murdock ya kafa haɗin Debian, ya haɗa farkon sunan budurwarsa Debra, wadda ya aura daga baya, da nasa sunan. Debian na nan har yau, masu aikin sa kai ke riƙe da ita.

Bayan an sa, sai kuma saitawa. Fuskar kwamfuta baƙa ƙirin, sai rubutu fari, komai sai an rubuta umarni da Turanci. In kana son ganin hoto da taga-taga, sai ka buɗe littafin da ya zo da allonka ka kwafo wasu lambobi da hannu, kuma ana gargaɗin cewa in ka sa lambar da ba daidai ba allon na iya lalacewa. Wannan ne ya sa Linux ta yi suna da cewa ta ƙwararru ce, sunan da ya bi ta har bayan gaskiyar abin ta canza.

Canjin ya zo a hankali. A 1996 wani ɗalibi Bajamushe, Matthias Ettrich, ya fara aikin KDE, a 1997 kuma wasu matasa biyu 'yan Meziko, Miguel de Icaza da Federico Mena, suka fara GNOME. Dukansu burinsu a samu fuska mai hotuna da za a riƙa latsawa, ba sai an haddace umarni ba. A shekarar 2000 wani Bajamushe, Klaus Knopper, ya fito da Knoppix, wadda ke tashi daga faifan sidi ba tare da ta taɓa abin da ke cikin kwamfuta ba. Wato ɗanɗano kafin saye. Ita kuma tana gane na'urorin kwamfutar da kanta. Daga baya ya fitar da wani nau'i na musamman mai karanta rubutu da murya domin makafi, wanda ya yi tare da matarsa Adriane, mai larurar gani, sunanta kuma aka sa wa nau'in.

Tunda an ambaci mace, bari in ƙara maku. Kalmar Turanci da duniya ke kiran irin waɗannan manhajoji da ita yau, mai ma'anar buɗaɗɗen tushe, wata mata ce Ba'amurkiya, Christine Peterson, ta kawo shawararta a 1998. A 1999 Deb Richardson ta kafa ƙungiyar LinuxChix don mata su samu inda za su yi tambaya ba tare da an yi masu dariya ba, domin fagen maza sun cika shi, wasunsu kuma ba su da sakin fuska. Aikin GNOME ya soma wani shiri na ɗaukar mata koyon aiki na 'yan watanni ana biyansu, wanda a 2015 aka sauya wa suna zuwa Outreachy. Abin da ya ja hankalina game da shirin, daga gida ake yin aikin, ta intanet.

Afirka ma ta shigo labarin. Wani attajiri ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya ɗauki Debian ya sauƙaƙa ta, ya fitar da haɗin Ubuntu a watan Oktoba 2004. Kalmar daga harsunan Zulu da Kosa take, tana nufin mutuntaka, wato mutum sai da mutane. Kamfaninsa ya riƙa aika faifan sidi kyauta ta gidan waya zuwa ko'ina a duniya, har kuɗin aikawa shi ke biya, bai daina ba sai 2011. Ga wuraren da intanet ke da tsada da jan ƙafa a wancan lokaci, irin ƙasashenmu, wannan faifai shi ne hanya. A 2006 kuma wani Bafaranshe, Clément Lefèbvre, ya gina Linux Mint, wadda fuskarta ba ta yi wa wanda ya saba da Windows baƙunta sosai.

Kada in ba ku rabin labari, akwai inda abin bai yi armashi ba. A 2005 aka shelanta shirin bai wa kowane yaro kwamfuta a ƙasashe masu tasowa, 'yar ƙarama mai launin kore da fari, da Linux a cikinta, aka ce dala 100 za ta tsaya. A 2007 aka gwada ta a wata makarantar firamare da ke Galadima, kusa da Abuja, yara suka yi ta murna. Amma kuɗinta ya zarce abin da aka faɗa, ga matsalar wutar lantarki, ga gyara, ga horar da malamai, shirin bai yaɗu a Nijeriya ba. Haka birnin Munik na Jamus ya yanke shawara a 2003 ya mayar da kwamfutocin ofisoshinsa kan Linux, ya kwashe shekaru yana yi har aka sauya kusan dubu 15, sai a 2017 majalisar birnin ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows. Abin lura a nan, ko manhaja kyauta ce, sai da wanda zai koya, da wanda zai kula da ita.

Duk da haka Linux ta ci gaba da shiga wuraren da ido ba ya gani. Yawancin manyan kwamfutocin da ke riƙe da shafukan intanet da ita suke aiki. Tun watan Nuwamba 2017, kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya dukansu Linux ce a ciki. Ɗan ƙaramin jirgi mai saukar ungulu da ya tashi a duniyar Mas a 2021 da ita ya yi aiki. Rubutun nan mai layi dubu goma ya kai wajen layi miliyan 40 a 2025. Sannan ga wanda ya fi kusa da mu: manhajar Android ta kamfanin Google, wadda wayar farko mai ɗauke da ita ta fito a 2008, a kan zuciyar Linux aka gina ta. Don haka ke mai riƙe da Tecno ko Infinix ko Samsung, kin daɗe kina amfani da Linux, ba a dai faɗa maki ba ne.

Yanzu mu koma ga 'yar uwarmu mai tambaya. Abin da ya sa mai gyara ya ce a sayi sabuwa, wataƙila yana da nasaba da wannan: ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta daina aiko wa Windows 10 gyaran tsaro na kyauta da ta saba aikowa kowa, Windows 11 kuma ba ta karɓar tsofaffin kwamfutoci da yawa. Galibin na gidajenmu kuwa na hannu ne. Ƙarfen na iya zama lafiya lau, manhajar ce ta yi masa nauyi ko ta juya masa baya. A irin wannan hali Linux na iya ƙara wa kwamfuta shekaru, musamman nau'o'i marasa nauyi kamar Lubuntu, ko Xubuntu, ko Mint mai fuskar Xfce.

Aikin da a 1993 ke cinye kwanaki, yau bai fi sa'a guda ba, kuma a tsakar ɗakinki za a iya yinsa. Ga yadda yake tafiya. Da farko, kafin komai, a kwashe duk abin da ke da muhimmanci, lissafi da hotuna da takardun yara, a zuba a filashi ko wata ma'ajiya daban, a buɗe a tabbatar sun kwafu. Na biyu, a sauko da haɗin da aka zaɓa daga shafinsa na asali. Girmansa kan kai gigabayit uku zuwa shida, don haka in data ta yi tsada a karɓa wurin wanda ya riga ya sauko da shi, halas ne a dokar manhajar. Sai a rubuta shi a wani filashin na daban mai gigabayit takwas. Na uku, a kunna kwamfuta ta tashi daga filashin, a zaɓi gwaji. A nan za ki duba da idonki: sauti na fita? Intanet na kamawa? Na'urar buga takarda na amsawa? In ba ki gamsu ba, a zare filashi, komai na nan yadda yake.

In kin gamsu, sai a latsa wurin sawa. Za ta tambayi harshe, da tsarin madannai, da yankin lokaci, inda mu a Nijeriya za mu zaɓi Legas, 'yan uwanmu na Nijar su zaɓi Yamai. A jerin madannai akwai na Hausa, wanda ke ba da damar rubuta haruffanmu masu lanƙwasa, su ɓ da ɗ da ƙ. Daga nan sai tambaya mafi haɗari: a goge komai a sa Linux ita kaɗai, ko a ajiye ta gefe guda tare da Windows? Uwargida, a wannan wuri ki tsaya a kan yaro ko mai gyara, kada a latsa da gaggawa. In aka zaɓi gogewa, duk abin da ba a kwashe ba ya tafi. A ƙarshe ki zaɓi suna da kalmar sirri, kuma ke za ki zaɓa da kanki, domin da ita ake ba da izinin sa sabuwar manhaja ko canza saiti. Mai kalmar sirri shi ke da kwamfuta.

Bayan an gama za ki tarar da Firefox ta shiga intanet, yawanci kuma da LibreOffice ta rubutu da lissafi, wadda ke buɗe takardun Word da Excel, ko da yake wani lokaci tsarin shafi kan ɗan goce. Sauran manhajoji akwai rumbunsu a ciki, kamar yadda kika saba a waya. In ta ce akwai sabuntawa, a ba ta dama. Sai dai a sani, wasu manhajojin da aka yi don Windows ba sa aiki a kanta, don haka in makarantar yara ta wajabta wata ta musamman, a bincika tun kafin a fara. Kuma Linux ba ta tayar da mataccen batiri, ba ta ɗinke fasasshen allo.

To 'yar uwa mai tambaya, kin ji asalin abar da ake son sa maki. Lissafinki ba zai salwanta ba matuƙar an kwashe shi tukuna, kuma kina da damar gwadawa kafin ki amince. Shawarata, ki ce a kawo filashin gida a yi aikin a gabanki, ki sa 'yarki ta zauna kusa tana kallo tana tambaya, don gobe in wata maƙwabciya ta shiga irin wannan hali, a samu mai taimaka mata a cikin unguwa.

A nan za mu dakata. Mai tambaya ko ƙarin bayani ta aiko mana kamar yadda aka saba. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, a gaida yara, a huta lafiya.